Tashar da Wanru Ta Wuce

Wanru 'yar shekara goma sha biyu ce. Duk ƙauyen Baiyang an san tana da kai. Abin da ya ɓata lamarin shi ne, ita ma ta sani.

Sau biyu ta taɓa zuwa birnin Xi'an wurin babanta, wanda yake aikin murza taliya a wani shagon abinci. Tun daga nan ba a ƙara hutawa a gidan ba. Ko zancen kaji ake yi, sai Wanru ta sako zancen jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Kakarta kuwa, wadda take kira Nainai, ba ta taɓa taka birnin ba. Shekararta saba'in da huɗu, kuma tafiyar ba wata mai nisa ba ce. Amma ka san halin ƙauye. Yau gona, gobe aladu, jibi jikoki.

Mijinta, wato Yeye, sunansa Kou Mancang. Mai gasa tubali ne. Shekara arba'in da suka wuce, da aka tashi gyaran tsohuwar ganuwar birnin, shi da mutanen ƙauyensu suna cikin waɗanda suka yi tubalin. Kowane mai gasawa yakan danna hatiminsa a jikin ɗanyen tubali: shekara, sunan ƙauye, sai sunansa. In tubali ya fito da aibu, an san wanda za a nema.

"Sunana yana kan ganuwa, wajen Ƙofar Kudu," Yeye yakan ce wa Nainai. "Baɗi in an gama cire 'ya'yan itacen kiwi a gona, zan kai ki ki gani."

Baɗi ta zo, ta wuce. Wata baɗin ta zo, ta wuce. Bara Yeye ya rasu, bai kai ta ba.

Hatimin ne ya rage. Ɗan katako ne baƙi, ya yi santsi saboda riƙo. Nainai ba ta iya karatu ba, amma ta san zanen sunan mijinta fiye da yadda ta san tafin hannunta. Burinta ɗaya ne. Ta hau ganuwar nan, ta nemo tubalinsa, ta ɗora hatimin a kan gurbinsa da hannunta.

Sai kuma gwiwa ta matsa mata. Likita ya ce mako mai zuwa za a yi mata aiki, kuma bayan aikin ita da hawa matakala sun yi sallama.

"To kafin su yanka ni, a kai ni," in ji Nainai.

Mama ba ta da halin tafiya. Lokacin barbarar furen kiwi ne, da hannu ake yi fure bayan fure, kuma furen ba ya jiran kowa. Baba ba ya samun fita daga shago sai an gama cin abincin rana. Saura wa? Saura gwanar jirgi.

Baba ya kira a waya. "Wanru, ki buɗe kunnenki. Daga tashar jirgin ƙasa ku shiga layi na biyu, mai jan launi. Babu canji. Ku sauka a Ƙofar Kudu."

"Na sani, Baba."

"Ku hau da safe, tun ƙafarta tana da ƙarfi, tun rana ba ta yi zafi ba. Tubalin da yawa, neman yana son lokaci. Ni zan same ku a sama ƙarfe biyu. Jirginku na komawa ƙarfe biyar ne."

"Haba Baba, ai ko ido a rufe zan kai ta."

"Da ido a buɗe nake so," in ji Baba.

Akwai abin da Wanru ba ta faɗa wa kowa ba. Wata 'yar ajinsu, Peiyao, ta je birni lokacin hutu. Ta ɗauki hoto a gaban Hasumiyar Dinya, sanye da doguwar rigar matan da, an zana mata jan fure a goshi. Duk ajin sai da ya kalli hoton nan. Tun ranar abin yake cin Wanru a rai.

Ƙarfe tara suka iso birni. Suka gangara tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. A bakin shiga, aka saka jakar Nainai a na'urar bincike. Wata ma'aikaciya ta nuna gorar shayinta.

"Nainai, ki ɗan kurɓa," in ji ma'aikaciyar.

"Na gode 'yata, ban ji ƙishi ba."

Wanru ta ji kamar ta nutse. "Nainai, doka ce. So suke su tabbatar shayi ne."

"To me zan zuba a gorar shayi? Kananzir?" Ta kurɓa, ta miƙa wa ma'aikaciyar. "Ke ma ɗanɗana. Ganyen gida ne."

Ma'aikaciyar ta yi dariya, ta ce ta ƙoshi.

A kan matakala mai tafiya da kanta, Nainai ta damƙe hannun Wanru, ta rufe ido. "Kada ki sake ni, Ruru. A ƙarƙashin ƙasar nan ban san gabas ba, ban san yamma ba. Ke ce idona yau."

"Ba zan sake ki ba," in ji Wanru.

Cikin jirgi wani mutum ya tashi ya ba Nainai kujera. Kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin sunayen tashoshin da ake faɗa. Amma ba a daɗe ba ta gano wani abu. Kowace tasha tana da ɗan hotonta a jikin bango, kusa da sunanta.

"Kai, wannan dabara ta yi," in ji ta. "Sun tuna da irinmu marasa karatu."

Daga nan ta maida abin wasa. Duk inda jirgi ya tsaya, sai ta leƙa. "Wannan ɗakin ƙararrawa ne, ko? Na gan shi a talabijin."

"Shi ne, Nainai."

Wanru ta san tasha ta gaba ita ce tasu. Ta dubi agogon waya. Goma saura kwata. Hasumiyar tana gaba kaɗan, canjin jirgi ɗaya ne. Awa ɗaya ta isa, in ji ta a ranta. A yi hoto, a dawo, wa zai sani?

Jirgi ya tsaya. Ƙofa ta buɗe. A bango ga hoton wata babbar ƙofa, da ganuwa hagu da dama.

Nainai ta yunƙura, ta rungume jakarta. "Ruru, ga ƙofa. Ba nan ba ne?"

"A'a, ba ita ba ce," in ji Wanru, idonta a kan waya. "Ƙofofin garin nan da yawa. Tamu tana gaba."

"To," in ji Nainai. Ta koma ta zauna.

Ƙofa ta rufe. Abin bai fi ƙiftawar ido ba. Da a ce Nainai ta yi gardama, wataƙila da Wanru ta ji kunya ta tashi. Amma ba ta yi ba. "To" kawai ta ce.

Bayan tasha uku suka sauka don canza layi. Hanyar doguwa ce, mutane kamar ranar kasuwa. Nainai tana tafiya tana ɗingishi.

"Ba babanki ya ce babu canji ba?"

"Baba a keke yake yawo, bai san jirgi sosai ba."

Ƙarya ta biyu ke nan. Ta fi ta farko sauƙin fita.

Da suka fito waje, ga hasumiyar tsaye, hawa bakwai. Ga 'yan mata ko'ina cikin dogayen riguna, ja da kore da ruwan goro. Wanru ta manta da kowa.

Nainai ta kare rana da hannu, ta duba hagu, ta duba dama. "Ina ganuwar?"

"Tana nan kusa. Ki ɗan huta tukuna, Nainai. Minti kaɗan zan yi."

Ta zaunar da ita a kan wani benci na dutse, ƙarƙashin bishiya. Ta ruga shagon hayar riguna.

Minti kaɗan, wai. A shagon akwai layin zaɓen riga. Akwai layin gyaran gashi. Akwai layin kwalliya. Mai kwalliyar kuma ba ta gaggawa, tana yi tana hira a waya. Sha ɗaya ta yi. Sha biyu ta gota. Sau biyu Wanru ta ce a ranta bari ta haƙura, sai ta tuna Peiyao, ta gyara zama.

Saƙon Baba ya shigo: "Kun samu?"

Ta rubuta masa: "Muna nema."

Da ta fito, inuwar bishiyar ta riga ta kauce daga bencin. Nainai tana nan inda aka ajiye ta, cikin rana, ta ɗora hankici a ka. Ba ta tashi ba, don tana tsoron kada Wanru ta dawo ta rasa ta.

Ta ɗaga kai ta ga jikarta. Fuskarta ta washe.

"Wai wannan Ruru ce? Juya in gani. Kai, kin yi kyau. Da Yeye yana nan, da ya ce ba jikarsa ba ce."

Wanru ta miƙa mata waya. "Ki danna nan. Ki haɗa da hasumiyar."

Nainai ta danna. Hoton farko babu hasumiya. Na biyu babu kan Wanru.

"Haba Nainai, kin sake yanke min kai. Abu kaɗan ba za ki iya ba?"

"Yi haƙuri. Idon ne. Bari in sake."

Ta sake, ta sake, ta kuma sakewa. Daga baya wata mata ta karɓi wayar ta ɗauka musu. Wanru ta tsaya nan, ta tsaya can, ta riƙe mafici, ta ajiye mafici. Suna cikin haka wayar ta yi baƙi. Caji ya ƙare.

Sai a lokacin ta tambayi matar ƙarfe nawa.

"Biyu saura minti goma."

Wanru ta ruga ta mayar da riga. Ko fuska ba ta tsaya wankewa ba. Ta zo ta ja hannun Nainai.

"Mu tafi, mu tafi. Ki yi sauri."

Ina sauri? Awa uku a kan dutse, gwiwar Nainai ta sandare. Da ƙyar ta miƙe. Kafin su kai bakin tasha, sau uku tana tsayawa ta dafa bango. Ba ta yi ƙorafi ba. Abin da kawai take cewa shi ne, "Ashe kusan birni daban yake da kusan ƙauye."

A wurin canji kuma gwanar jirgi ta yi abin kunya. Saboda gaggawa ba ta karanta allo ba. Ta ga jan layi kawai, ta tura Nainai ciki. Sai da suka wuce tasha biyu ta lura sunayen baƙi ne. Kudu suke yi, alhali arewa ya kamata.

Suka sauka. Wanru ta je wurin wata ma'aikaciya mai jan ƙyalle a damtse, ta kira ta da Ayi, wato Goggo. "Ayi, don Allah ina ake shiga na Ƙofar Kudu?"

"Ɗaya gefen, yarinya. Ki bi da tsohuwa a hankali, ba ki ga ƙafarta ba?"

Ta gani. Tun ɗazu take gani, tana kawar da kai.

Suka shiga jirgin komawa. Wanru ta san abin da yake jiran ta a bango. Ta yi fatan Nainai ta yi gyangyaɗi. Ta yi fatan mutane su tare taga. Babu wanda ya faru.

Jirgi ya tsaya. Ga babbar ƙofa, da ganuwa hagu da dama.

"Nan ne, Nainai," in ji Wanru a hankali.

Nainai ta dubi hoton. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juyo.

"Ruru, wannan ai ita ce ta safe."

Wanru ta sunkuyar da kai.

Nainai ta miƙo hannu a taimaka mata ta tashi, don ba ta da wani hannun da za ta riƙe. Wannan ya fi mari ciwo.

Baba yana tsaye a bakin fita, ko rigar aiki bai cire ba. Gumi ya jiƙa shi sharkaf. A hannunsa akwai leda da kwano biyu na taliya, ta daɗe da hucewa.

"Ina kuka shiga? Na hau sama, na bi gabas, na bi yamma. Na kira waya a kashe. Uku ta wuce, Wanru. Ma, lafiya kike?"

Sai idonsa ya sauka a goshin 'yarsa. Jan furen yana nan raɗau.

"Jirgin ne ya ruɗa mu," in ji Nainai. "Ka san tsufa."

Nan Wanru ta kasa. Ita ta yi ƙarya, kuma wadda aka yi wa ƙaryar ce take rufa mata asiri. Hawaye suka ɓalle, suna wanke hodar fuskarta.

"Ba jirgi ba ne, Baba. Ni ce. Nainai ta ga tashar da safe, na ce ba ita ba ce. Na kai ta hasumiya don in yi hoto. Na bar ta a rana. Na ce maka muna nema, alhali ba mu ma zo ba."

Baba ya dubi agogo.

"Faɗa yana cin lokaci," in ji shi, "kuma ba mu da shi. Riƙe ledar nan."

Suka shiga ta ƙofar. Ga matakalar ganuwa, ta dutse, doguwa. Nainai ta ɗora ƙafa a ta farko. Ta yunƙura, gwiwa ta ƙi. Ta sake yunƙurawa, ta cije leɓe.

"Da safe da na iya," ta ce, kamar da kanta take magana.

Baba ya durƙusa a gabanta. "Hau, Ma."

"Kai, mutane suna kallo."

"Su kalla. Ke kin goya ni shekara uku, wa ya hana ki?"

Haka ya hau da ita, mataki bayan mataki. Wanru tana biye, tana jin numfashinsa.

Da suka kai sama, sai Wanru ta tsaya tana kallo. Saman ganuwar ya kai faɗin titi. Ya miƙe har inda ido ya ƙare. Kuma duk daɓen tubali ne. Dubu nawa? Babu mai iya ƙirgawa. Wasu da rubutu, wasu babu, wasu takalma sun share rabin rubutun.

"Minti arba'in muke da shi," in ji Baba.

Suka rabu. Baba ya ɗauki gefen dama, Wanru ta ɗauki hagu. Nainai tana tsakiya, tana dafa bango, tana jan ƙafa, hatimi a hannu. Tubalin ya ɗauki zafin rana, yana ƙona gwiwa. Wanru ba ta damu ba. Rarrafe take yi tana karantawa. Wani ƙauye, wani suna. Wani ƙauye, wani suna.

Minti talatin suka tafi.

"Baiyang," Wanru ta ɗaga murya. "Nainai, ga sunan ƙauyenmu."

Baba ya tallafo Nainai, ya zaunar da ita a ƙasa. Ta shafa rubutun da yatsa. Zanen sunan ƙauyen ta san shi. Na ƙarshen kuwa ba zanen da ta sani ba ne.

"Karanta min."

Wanru ta karanta. "Dou Shuanlao."

Sai Nainai ta fashe da dariya, har da riƙe ciki.

"Shuanlao. Wannan malalacin? Kullum yana kwance a bayan murhu wai ciwon baya. Rabin tubalinsa Yeye ne ya buga masa, shi kuwa ya zo ya danna hatimi." Ta daddaɓa tubalin. "Wa ya sani, ko wannan ma hannun Yeye ne."

Tana dariya, amma idonta ya cika. Ta ɗaga kai ta dubi sauran daɓen da ba su kai gare shi ba. Ta dubi hatimin da ke hannunta. Ta naɗe shi a hankici, ta mayar jaka.

"Lokaci ya yi, Ma," in ji Baba.

"Na sani. Goya ni."

A jirgin ƙasa na komawa gida, Nainai ta buɗe kwanon taliya mai sanyi tana ci. Wanru ta kasa taɓa nata.

"Nainai, ki yi min faɗa mana."

"In na yi, za a dawo min da safiyar?"

"A'a."

"To na me?" Ta ajiye tsinken cin abinci. "Amma zan faɗa miki gaskiya, na ji ciwo. Ba gwiwar ba. Na ce miki ke ce idona, sai idon ya nuna min abin da ba shi ba."

Wanru ta rufe fuska da hannu.

"Da kin ce min, Nainai, ina son hoto, kina tsammani zan hana ki? Da mun gama da ganuwa, mun je. Ni ma na ji daɗin ganinki a rigar nan. Amma hasumiyar ta fi shekara dubu a tsaye, Ruru. Za ta jira ki. Ƙafata ce ba za ta jira ba."

"Ki yafe min."

"Na yafe tun a tasha. Goge fuskarki, kin zama kamar mage ta faɗa a garin fulawa." Ta ciro hankicin da hatimin yake ciki, ta ɗora a cinyar Wanru. "Riƙe. Ni da ganuwa mun gama. Ke ba ku gama ba."

Aka yi wa Nainai aiki. Ta tashi lafiya, amma kamar yadda likita ya faɗa, daga ɗaki sai tsakar gida, da sanda. Hotunan hasumiya kuwa suna nan cikin waya. Wanru ba ta taɓa nuna wa Peiyao ba. A gefen ɗaya daga cikinsu ana ganin wata tsohuwa da hankici a ka, tana murza gwiwa. Duk lokacin da Wanru ta kai kan wannan, sai ta kife wayar.

Da aka yi dogon hutu, ta roƙi Mama ta bar ta ta je wurin Baba. Kullum da sassafe sai su shiga jan layi tare. Su sauka a tasha mai hoton ƙofa. Baba ya raka ta sama, ya wuce shago. Tana da ɗan littafi da take rubuta inda ta tsaya jiya.

Kwana ɗaya, babu. Kwana biyar, babu. Masu shara a kan ganuwa har sun san ta. "'Yar tubali ta zo," sukan ce. Ta samu Dou Shuanlao har sau bakwai. Malalacin nan yana ko'ina.

Ran kwana na goma sha ɗaya, a gindin bango, inda ƙafa ba ta cika takawa ba, ta share ƙura da hannu. Shekara. Baiyang. Kou Mancang.

Ta zauna daɓas. Ta kira Mama a bidiyo, ta ce a kai wa Nainai waya.

Fuskar Nainai ta cika gilashin, kusa-kusa, hanci ne kawai da ido ɗaya. "Wa ke nan? Ruru? Kin ci abinci?"

"Nainai, duba."

Ta juya wayar kan tubalin. Nainai ta ƙura masa ido.

"Shi ne," in ji Nainai. "Ga 'yar ƙafar nan ta ƙarshe da ta karkace. Wuƙa ce ta zame masa ranar da yake sassaƙawa. Ɗora hatimin."

Wanru ta warware hankicin, ta ɗora. "Bai shiga daidai ba, Nainai. Gurbin ya yi masa kaɗan."

"Ai ba zai shiga ba, 'yar birni. Wuta tana tsuke tubali. Da ya shiga daidai, da na ce na jabu ne." Tana magana tana share ido. "Mancang, ka gani? Ka ce za ka kai ni, ba ka kai ni ba. Jikarka ta kawo min kai har gida."

Sai ta miƙo yatsa, ta shafa gilashin wayar, daidai kan sunan.

"Santsi ne da shi," ta ce. "Ba a jin rubutun."

Wannan ne abin da safiyar nan ta tafi da shi, kuma Wanru ta san ba zai dawo ba. Ta ɗora nata tafin a kan tubalin.

"Bari in faɗa miki yadda yake, Nainai. Yana da kaushi. Gefensa ɗaya ya ɗan gutsure. Rubutun ya nutsa sosai, yatsa yana shiga. Kuma da ɗumi."

"Da ɗumi?"

"Da ɗumi, Nainai. Gaskiya nake faɗa miki."

"Na sani," in ji Nainai, tana murmushi. "Ci gaba. Kada ki ɗaga hannun tukuna."

Wanru ba ta ɗaga ba. Tun daga ranar ta riƙe abu ɗaya, kuma ba ta sake shi ba: in wanda bai san hanya ba ya ba ka hannunsa, ka kai shi inda ya ce, ka kuma faɗa masa gaskiya. Abin da kake so zai iya jira. Shi wataƙila ranar ce kaɗai yake da ita.